Ranar Tsere, Ranar Kotu

Delmore, Alabama
14 ga Afrilu, 1964

Zuwa ga Yaya Theola,

Gaisuwa mai tarin yawa, haɗe da kewa da begen ganinki. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Arzell da yara. Sanyin Chicago ya sake ku ko har yanzu? Yaya tarin ƙaramar? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Baba ya gama gyaran gonar auduga, Mama kuma ta ce in gaya miki kuɓewarta ta tsiro.

Za ki yi mamakin karɓar wasiƙata daga hannun Kawu Roscoe. Daga yau kada ki ƙara aiko min komai ta gidan waya, ki riƙa ba shi idan jirgin ƙasan da yake aiki a ciki ya iso wajenku. Wasiƙu biyu na karɓa makon nan, an buɗe su an sake mannewa.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Litinin ɗin makon jiya na je ginin kotu neman a sa sunana cikin masu jefa ƙuri'a. Na san abin da za ki ce, don na faɗa wa kaina shi sau ɗari. Saura wata uku a yi gasar tantance waɗanda za su wakilci ƙasa a tseren duniya, shekarata ashirin da bakwai, ƙafa kuma ba ta jiran kowa. Ba ni na nemi abin ba. Dattijo Boykin na cocinmu ne ya tare ni bayan sujada, wannan da yake ba mu alewa muna yara. Ya haura saba'in yanzu, sau tara yana zuwa neman rajista ana koro shi. Ya ce, “'Yata, in mu kaɗai muka je, duka za mu sha ba mai ji. In kina cikinmu 'yan jarida za su biyo ki, mutanen nan kuwa ba sa son a ɗauke su hoto da kulki a hannu.” Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Sai ya yi dariya ya ce ashe ƙarya ake masa da ake cewa duk ƙasar nan ba wadda ta fi ni saurin tashi.

Mu goma sha ɗaya muka je. Tun safe muke tsaye a rana har ƙarfe huɗu kafin a shigar da ni. Akawun rajista ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ce yarinyar nan mai gudu?” Ya miƙo min wani sashe na tsarin mulkin jiha ya ce in bayyana ma'anarsa. Ni da na yi shekara huɗu a kwaleji nake kuma koyar da yara, na cika masa shafi guda. Ko kallon takardar bai yi ba ya ce na faɗi.

Yaya, sau uku ina lashe mita ɗari na ƙasa baki ɗaya. Na tsaya a Turai gaban jama'ar da ba ta ƙirguwa, an rataya min lamba an ɗaga tutar ƙasar nan saboda ni. A can ma gabana yana faɗuwa kafin a harba bindigar tashi, amma wannan faɗuwar gaba na san maganinta, da na zabura shi ke nan. Wannan ta yanzu ban san maganinta ba.

Ranar Alhamis jaridar gari ta buga sunayenmu duka, kowa da unguwarsa da wurin aikinsa. Kin san inda nake atisaye, tsohuwar hanyar nan ta bayan injin katako, tunda filin tsere na gari ba a bar irinmu baƙar fata mu taka ba. Asabar da safe ina can da Koci Gaines, yana riƙe da agogonsa, sai ga wata koriyar a-kori-kura da fararen fata uku a ciki, bindiga rataye a bayan kujera. Ina gudu suna tafe a gefena a hankali. Ɗayansu ya shafa bindigar ya ce in ƙara wuta su gani ko na fi harsashinta sauri. Na kai ƙarshen layi ban waiwaya ba, amma da na tsaya sai amai. Koci ya ce zafi ne. Ni da shi duk mun san ba zafi ba ne.

Ban gaya wa Mama ba. Kada ki gaya mata. Ki sa mu a addu'a, ki sumbaci yara a madadina.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ozella


Delmore
19 ga Mayu, 1964

Yaya Theola,

Ina gaishe ki da kyau, ke da iyalinki duka, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Na gode da wasiƙarki, da faɗan da ke ciki. Na karanta inda kika ce in tattara in taho wurinki har sau uku. Da ma na ji maganarki.

Na san kin gani a jarida, amma abin da suka rubuta ko rabi bai kai ba. Mun koma ginin kotu ranar shida ga wata, mu talatin. 'Yan jarida biyu sun zo kamar yadda Dattijo Boykin ya yi fata, sai 'yan sanda suka kore su ƙetaren titi suka ƙwace na'urar hoton ɗayansu. Daga nan aka ce mun tare hanya, aka zuba mu a mota.

An sa ni ɗaki ɗaya da mata biyu, Anti Verlene da Malama Odom. Ƙofar ɗakin ta sandunan ƙarfe ce, tana kallon wani lungu. Da rana tsaka aka fito da Dattijo Boykin lungun. Wani ɗan sanda mai suna Landrum, wanda bai kai sa'an jikansa ba, ya ce da shi, “Kai yaro, wa ya ce ka tara min mutane?” Dattijo ya ce sunansa Cleophus Boykin. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Yaya, ba zan iya rubuta miki duka ba. Kulki ne, a kai da fuska, yana ƙasa ana ƙara masa. Tabaraunsa ya faɗo har kusa da ƙofarmu. Anti Verlene ta toshe bakinta da hularta. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, ko motsi na kasa, ko ihu.

Da ya gama sai ya juyo ya gan ni. Ya buɗe ƙofarmu ya shigo, yana haki. Ya ɗora bakin kulkin a gwiwata ta hagu, ya mayar kan ta dama, a hankali, kamar mai zaɓen kaya a kasuwa. Ya ce, “Da wacce kike tashi, 'yar tsere?” Na kawar da kaina gefe. Ya ce ba komai, wata rana zai gane da kansa. Bai dake ni ba. Ya fita ya kulle.

Tun ranar ko rigata ta taɓa gwiwata sai tsikar jikina ta tashi.

Kwana biyu muka yi aka sake mu. Dattijo yana asibitin baƙaƙe na gundumar maƙwabta, likita ya ce idonsa na dama ya tafi. Da na je duba shi bai iya buɗe baki sosai, amma sai da ya tambaye ni ko na yi atisaye yau. Na ce a'a. Ya ce to me nake yi a nan, shi ai ba filin tsere ba ne.

Makaranta sun sallame ni. Shugaban ya miƙo min takardar, ya ce daga sama aka aiko, shi ma yana da yara biyar. Ban ga laifinsa ba. Mai gonar da Baba yake noma a kai ya zo ya tsaya a bakin hanya, bai fito daga mota ba, ya ce wa Baba ya ja wa 'yarsa kunne. Baba ya cire hula ya ce to. Da mutumin ya tafi ya daɗe tsaye da hular a hannu. Har yau bai ce min uffan ba a kan maganar, sai dai ya mayar da gadona ɗakin baya, nesa da taga.

Mama ta sani yanzu. Ba ta kuka, girki take ta yi. Kaza, wake, burodin masara, abin da ba mai iya ci.

Na koma atisaye, a filin bayan coci, maza huɗu na cocin suna zaune a gefe kamar masu shan iska. Abin mamaki, guduna ƙaruwa yake. Koci ya ce bai taɓa ganina haka ba. Ban gaya masa ba cewa duk lokacin da na durƙusa zan tashi, ji nake mutumin nan yana tsaye a bayana.

Ki gaida Arzell, ki ce na gode da ya ce ɗaki yana nan. Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Ozella


Delmore
21 ga Yuni, 1964

Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata zazzaɓin babban yaronki ya sauka. Baba da Mama suna gaishe ku. Dattijo Boykin ya dawo gida, yana tafiya da sanda.

Ina cikin wani hali, gaba kura baya sayaki, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa gaskiya.

Wani lauya namu, Mista Ruffin, ya shigar da ƙara a kotun tarayya kan hana mu rajista da kuma dukan da aka yi wa Dattijo. 'Yan sanda sun ce faɗuwa ya yi daga matakala. Mu uku muka gani da idonmu. An kori mijin Anti Verlene daga injin katako, an ce zai dawo in matarsa ta tuna cewa barci take yi a lokacin. An ƙone wa Malama Odom rumbu da rana tsaka suna coci, ta kwashe yaranta ta bar garin. Saura ni.

An fara sa ranar shari'a ƙarshen wannan wata. Sai lauyan gunduma ya nemi a ɗaga, ya kuma zaɓi goma sha ɗaya ga Yuli. Yaya, ranar ce ake gasar tantancewa, can arewacin ƙasar nan, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. Mista Ruffin ya roƙi a canza, ba a yarda ba. Ya ce zan iya rubuta shaidata in tafi, amma bai ɓoye min ba, takarda ba ta da fuska, kuma za su ce wadda ta rubuta ta gudu don ta san ƙarya ce.

Shekaranjiya kuma wani abu ya faru da ban taɓa gani ba. Wani babba daga majalisar gari ya zo gidanmu, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba, ya cire hula, ya kira ni Malama Tarver. Mama har ta rasa inda za ta sa hannunta. Ya ce garin Delmore yana alfahari da ni, ba sa so ƙananan rigingimu su hana ni ɗaukaka sunan jiha. Ya ajiye tikitin jirgi a kan tebur. Ya ce tuhumar da ake min za a share ta, aikina zai dawo, Baba kuma ba mai taɓa shi. Da zai fita ya dubi ƙafafuna ya ce, “Baiwa ce Allah ya yi miki. Abin tausayi ne a ce wani abu ya same ta.”

Tikitin yana nan cikin Littafi Mai Tsarki na Mama. Ban yaga shi ba. Kin ji gaskiyar. Ina so in tafi, Yaya. Tun ina kai wa Baba abinci gona a guje ba takalmi, ke kina bina kina zagina don na zubar da miya, abin nan nake so. Wancan karon azurfa na samo, tazarar da ke tsakanina da zinare ba ta kai tafin hannu ba. Ranar Talata Koci ya duba agogonsa ya sake dubawa, ya ce sakan goma sha ɗaya da ɗigo huɗu, a kan ciyawa. Sai ya juya min baya yana share ido. Shekara goma sha biyu yana auna min fili da igiya. Ya ce ba zai ce min komai ba, duk abin da ya faɗa son kansa ne zai yi magana.

Na je wurin Dattijo ina fata ya roƙe ni in tsaya, ko in samu wanda zan ɗora wa alhakin. Ya ƙi. Cewa ya yi in tafi, idonsa ba zai dawo ba ko na yi shaida ko ban yi ba, kuma yana so ya ji sunana a rediyo. Da ya roƙe ni da ya fi min sauƙi.

In na tafi, ina tsoron fuskar da zan dawo da ita coci. In na tsaya, ina tsoron Landrum. Ban san wanne ya fi ba. Kada ki rubuto ki ce min in yi abin da zuciyata ta ce, zuciyata bugawa kawai take yi.

Ki yi mana addu'a, ke da yara.

Ƙanwarki,
Ozella


Delmore
26 ga Yuli, 1964

Zuwa ga Yaya Theola,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Arzell da yara. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan da sauƙi. Ki yafe min shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi kama alƙalami.

Ban tafi ba. Ba zan ce miki jarumta ce ba. Na haɗa jaka, na sa takalman tsere a ciki, Baba ya kai ni tasha a keken doki. Jirgi ya iso, Kawu Roscoe ya miƙo hannu zai karɓi jakar, sai na ga koriyar motar nan a ƙarƙashin bishiya, mutanen ciki suna ɗaga min hannu suna murmushi, wai rakiya suka zo. Hannuna ya ƙi sakin jakar. Kawu ya jira har aka busa na biyu, sannan ya hau. Baba ya juya dokin muka koma gida.

Ranar shari'a motoci uku na mutanen coci suka raka ni birni. Landrum yana zaune a layin gaba, kusa da inda zan wuce. Aka rantsar da ni. Na faɗi komai: lungun, kulkin, tabarau, abin da Dattijo ya ce da abin da aka ce masa. Lauyan gunduma ya tashi yana murmushi ya ce ya ji an ce yau ake wani babban tsere, me ya hana ni zuwa, ko na san ba zan kai labari ba shi ya sa na zo neman suna a nan. Wasu suka yi dariya. Na ce, “Ranka ya daɗe, can mata takwas ne za su tashi, ko ba ni za a yi. Nan kuwa ni kaɗai na rage.” Bai ƙara tambayata a kan tsere ba.

Da muka fito Koci yana jirana a gindin matakala, ya ji sakamakon tseren a rediyon mota. Wata yarinya 'yar shekara goma sha tara ce ta zo ta ɗaya, a goma sha ɗaya da ɗigo shida. Na taɓa ba ta tazarar taku uku. Na zauna a kan matakalar kotu gaban 'yan jarida na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Sun rubuta cewa kukan Dattijo nake yi. Ke dai kin san gaskiya. Kada ki ce min na yi daidai, kowa haka yake cewa, ba ya rage komai.

Landrum yana nan da kakinsa da kulkinsa. An ce maganarsa sai wani zama na daban, Mista Ruffin kuma bai sa rai ba. Amma alƙali ya ba da umarni a buɗe rajista, a daina jarrabawar nan, ya kuma aiko mutane biyu na tarayya su zauna a ofishin su sa ido.

Mai gona ya ba Baba zuwa ƙarshen girbi ya tashi. Laraba da ta wuce an harbi akwatin wasiƙunmu da hantsi, Mama tana shanya a tsakar gida. Shi ya sa nake roƙonki, Kawu Roscoe zai taho miki da Mama ranar Asabar. Za ta ce kwana bakwai za ta yi. Ki riƙe ta har zaɓe ya wuce, ko da za ki ɓoye mata takalma. Ni ba zan taho ba. Mista Ruffin ya ce gundumomi uku na maƙwabta suna so in je in yi magana a cocinsu, wai mutane sun fi fitowa in sun ji sunana. Na ce to. Duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai na nemi abin da zan ɓuya a bayansa, kuma na fara tunanin haka zan ƙare.

Abu ɗaya na ajiye miki na ƙarshe. Jiya da safe ina shirin zuwa rajista, sai ga Baba ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Na ce ina zuwa. Ya ce inda za ni. Na tuna masa mai gona, ya ce wanda aka riga aka kora ba a yi masa barazana da kora. Layi ya kai har titi, Landrum yana jingine a ƙofa yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. Na bi ta gabansa na wuce. Dattijo Boykin aka fara rubutawa, sai ni, sai Baba. Kin san rubutun Baba, harafi ɗaya sai ya huta. Akawu ya ƙosa, ya ƙwanƙwasa tebur ya ce ya yi sauri mutane na jira. Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, “Shekara arba'in da biyu nake jiran wannan layi, ɗana. Ka bari in gama sunana.” Muka tsaya duka har ya rubuta Ezekiel Tarver, harafi bayan harafi.

Ki gaida kowa. Ki tanadar wa Mama bargo mai kauri, ba ta san sanyinku ba. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Ozella Tarver